Babi na Tara

Ƙarfe huɗu nake isa gidansu a Filato,
in jingine babur gindin darbejiya,
in iske Malati kan kujerar igiya,
furfura har gadon baya, tabarau rataye a wuya.
Ɗiyarta likitar ido ce, ita ta biyo daga Indiya har Yamai
da shekara tamanin da biyu
da akwati ɗaya, rabinsa takardu.

Hannunta ya soma rawa, shi ya sa aka ɗauke ni.
Tana faɗa, ina bugawa.
In kuran ya ɗauke mu sha shayi mai madara da citta,
zufa na bin wuyanmu, mu jira.

"Rubuta, Tsahara," in ji ta.
"A gidanmu kurkuku gado ne.
Kakana ya shiga, uwata ta shiga,
mu yara muna ƙirga wata kamar masu jiran damina.
Ran da aka sako ubana ban gane shi ba,
bayan kuku na ɓuya, ina leƙen baƙo."

Daga baya ƙasa ta dawo hannunsu.
Waɗanda suka kwana bisa siminti
suka hau kujeru masu laushi,
kawu minista, surukin gida gwamna.
Ita tana can ƙarshen teburi, ba ta cewa uffan,
tana jin yadda ake kasa mutane kamar naman watanda.
Sau biyu aka miƙo mata kujera.
Ta ce bayanta bai iya irin wannan zama ba.

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba,
amma dangi ba sa so ya nuna wa maƙwabta.
Wanta ya sa hannu aka tare kogi,
ƙauye goma sha ɗaya suka kwana ƙarƙashin ruwa.
Ta je, ta zauna da waɗanda aka tasa,
ta jera sunayensu a littafi, har da na shanunsu.
Shekara talatin bai ƙara kiran sunanta ba.
Mutuwarsa ma a rediyo ta ji, tana yanka albasa.

Shi ne babi na tara.
Sau biyar muka buga shi, sau biyar ta ce in goge.
"Wannan mutumin fa shi ya goya ni ran da ƙaya ta soke ni,
shi ke ɓoye mini mangwaro a aljihu.
Shafin ya ƙi ɗaukar su biyun."

Wata magariba muka fita bakin Isa.
Jemagu sun cika sama, masu wanki na naɗe kaya,
wani na ban ruwa a lambun salati.
Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta juyo:
"Hoton da ke manne bakin kasuwar Wadata,
mai farar hula, hancinku ɗaya."
Na ce babana ne.
Na ce ni dai bugawa aka ɗauke ni yi.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Kafin ruwan farko ta koma gida.
Babin ya tafi da ita ba ƙarshe,
layinsa na baya yana cewa: yana da tabo a haɓa, ni na ji masa.
Ta bar mini kuɗin wata
da littafi mai baƙin bango, ba komai ciki.

Yanzu in na kai tuwo zauren babana
nakan iske ana lissafin buhunan shinkafa da ƙuri'u.
Ba mai rage murya don na shigo.
Nakan ɗan jinkirta wajen jera kwanoni.
Jiya da dare, da fitilar waya, na rubuta layi ɗaya,
na goge,
na sake rubuta shi.